Yadda Ake Bin Nasabar Gidan Barade na Faransa a Zamanin Yaƙin Salibi

Ɗaliban tarihi da masu son karanta labarin Salahuddin sun sha tambayata: waɗannan Faranjawa, wato Turawan da suka zo yaƙin Salibi, da ake ta ambata, wa ya haifi wa, kuma ta wace hanya mutum zai tabbatar da kansa ba tare da ya dogara da abin da wani ya liƙa a intanet ba? Aikin mai yiwuwa ne daga ɗakinka, kuma yawancin kayansa kyauta ne. Abin da yake ci shi ne haƙuri. Zan yi amfani da gidan Lusignan, gidan da ya fitar da Guy, sarkin Ƙudus da aka kama a yaƙin Hattin a 1187, domin kusan duk tarkon da ke cikin wannan aiki akwai shi a gidan nan.

Ƙa'ida ɗaya ce za ta bi mu har ƙarshe, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ta: isnadi ba ya tsallake mutum. Kada ka ɗaura ɗa a jikin uba sai ka ga takarda ta zamaninsu da ta faɗi haka.

1. Zaɓi gida ɗaya, ka yanka masa iyaka

Kada ka ce za ka bi 'yan Salibiyyar Faransa gaba ɗaya. Ɗauki gida ɗaya, yanki ɗaya, da shekarun da ba su yi nisa da 200 ba. A misalinmu: masu mulkin Lusignan, wani gari mai ganuwa a kudu maso yammacin Poitiers cikin ƙasar Poitou, daga wajen 1060 zuwa 1270.

Sannan ka zaɓi mutum ɗaya wanda babu gardama a kansa, ya zama turkenka. Guy ya dace: ya auri Sibylle 'yar gidan sarautar Ƙudus a 1180, ya hau gado a 1186, ya karɓi tsibirin Kubrus a 1192, ya mutu a 1194. Daga shi za ka hau sama neman ubansa, ka yi gefe neman 'yan'uwansa.

Gargaɗi: kada ka fara da wanda ake cewa shi ne tushen gidan. A nan takardu suka fi ƙaranci, tatsuniya ta fi yawa. Fara daga inda haske yake.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar kwamfuta. Waya tana iya buɗe littattafan, amma shafi mai layi biyu na Latin da ƙananan bayanai a ƙasa zai gajiyar da idonka kafin ka gama shafi goma. Ka tanadi littafin rubutu mai kauri ko ƙananan katuna, da fensir, ba biro ba. In kana son manhaja, Gramps kyauta ce kuma tana ba da wurin rubuta madogarar kowace magana.

Waɗanda ba a biya: Gallica, ɗakin karatun intanet na ƙasar Faransa, Internet Archive, Persée, inda tsofaffin mujallun ilimi na Faransa suke, Medieval Lands, shafin nasabar manyan gidaje na Charles Cawley, da ƙamus ɗin Latin na Du Cange wanda aka ɗora kyauta. JSTOR ma yana barin wanda ya yi rajista ya karanta wasu muƙalu a kowane wata ba tare da biya ba. Kuɗinka zai tafi ne a data, domin kundi ɗaya na ƙarni na 19 yana iya yin nauyi sosai. Sauke su cikin dare lokacin da data take araha, ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filashi.

Waɗanda ake biya: sababbin littattafan jami'o'in Turai, da manyan kundayen nasaba na Jamus da ake kira Europäische Stammtafeln, da rumbun wasiƙun fafaromomi da sai jami'a ta yi rajista. Kada ka sayi ko ɗaya a farkon aiki. Tafiya Faransa kuwa, a wannan mataki ɓarnar kuɗi ce. Kuɗin bizar Schengen kaɗai yuro 90 ne, kuma kusan duk takardun ƙarni na 11 da na 12 da za ka nema an riga an buga su.

Harshe fa? Ba sai ka iya magana da Latin ba, amma dole ka haddace kalmomin dangantaka da na kyauta, ba su kai ɗari ba. Faransanci na karatu wajibi ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu a nan. Wanda kuma ya iya Larabci yana da wata dama da za mu zo kanta a mataki na 8.

3. Tara sunan gidan ta duk yadda ake rubuta shi

Magatakardan wancan zamani ba su da tsayayyiyar ƙa'idar rubuta suna. Lusignan zai zo maka a Latin da Liziniaco, Leziniaco ko Lezignaco, a tsohon Faransanci kuma Lezignem da makamantansa. Hugues shi ne Hugo, Guy shi ne Guido, Geoffroy shi ne Gaufridus. Rubuta dukkansu a shafin farko na littafinka.

Kada ka dogara da akwatin bincike na cikin fayil. Na'urar da ta karanta tsohon bugu takan lalata sunaye, sai ta ce maka babu alhali akwai. Tafi ƙarshen kundin, wajen fihirisar sunaye, ka bi da ido.

Gargaɗi: akwai wasu garuruwa masu kama da wannan suna. Lézignan tana kudu wajen Narbonne, akwai kuma wata Lusignan a yankin Agen. Barden da ya fito daga can ba ɗan gidan Poitou ba ne don kawai sunan ya yi kama. Haka nan, "de Liziniaco" a bayan sunan mutum na iya nufin bara ne ko barden da ke tsaron ganuwar gidan, ba jinin masu gidan ba.

4. Aro zanen wani, amma da fensir

Yanzu buɗe Medieval Lands ka kwafi jerin gidan kamar yadda yake. Amfanin wannan shafi shi ne kusan kowace magana tana da lambar da ke kai ka ga takardar da aka ɗauko ta. Ka haɗa da muƙalu biyu na Sidney Painter a mujallar Speculum, na 1955 da na 1957, waɗanda suka warware gidan Lusignan na ƙarni na 11 zuwa na 13. In ka iya Faransanci sosai, akwai kundin digirin Clément de Vasselot de Régné na jami'ar Nantes na 2018 a kan dangin gaba ɗaya.

Duk abin da ka kwafa a nan zato ne. Ka rubuta shi da fensir, ka sa alamar tambaya a kan kowane layin da ya haɗa uba da ɗa. Aikin sauran matakan shi ne goge alamomin nan ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: babban kundin Père Anselme, wanda bugunsa na uku ya fito tsakanin 1726 da 1733, yana da kwarjini kuma yana Gallica, amma ya fi ƙarfi a ƙarnonin baya-baya. A kan ƙarni na 11 da na 12 an gyara shi a wurare da yawa. Su kuma bishiyoyin nasaba da jama'a suke ɗorawa a shafukan neman dangi, ka bar su kwata-kwata. Kowa kwafar na wani yake yi, kuskure ɗaya sai ya bayyana sau ɗari ya zama kamar gaskiya.

5. Shiga kundayen gidajen zuhudu

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan za ka fi daɗewa.

A wancan zamani babu rajistar haihuwa. Abin da ya rage mana shi ne takardun dukiya. Barde zai ba gidan 'yan zuhudu gona, ko daji, ko injin niƙa na ruwa, su kuwa su rubuta su adana domin kada magada su zo su ƙwace. Daga baya suka kwafe takardun cikin manyan kundaye, malaman ƙarni na 19 kuma suka buga su. Saboda tsoron magadan nan ne muka samu nasaba: mai kyauta yakan kawo matarsa da 'ya'yansa, wani lokaci har 'yan'uwansa, su amince a gaban shaidu, a rubuta sunansu.

Ka fara da gidajen zuhudu da ke kusa da garin, tunda mutum maƙwabtansa yake ba kyauta kuma da su yake rigima. Ga Lusignan, ka nemi kundin Saint-Maixent wanda Alfred Richard ya buga, da na Saint-Cyprien na Poitiers wanda Rédet ya buga a 1874, da na Nouaillé. Duk suna cikin jerin da ake kira Archives historiques du Poitou.

In ka buɗe takarda, ga inda za ka sa ido. A farko akwai "ego", wato ni, sai sunan mai bayarwa. A tsakiya ka nemi "pro anima", domin ran wane: nan yake ambaton mamatansa, galibi uba da uwa, wani lokaci da suna. Can ƙasa ka nemi "concedente" ko "laudante", da amincewar wane: nan ne "uxor mea", matata, da "filii mei", 'ya'yana, suke fitowa, kuma yawanci babba ne ake fara ambata. Sai shaidu. Sai kwanan wata, in an yi sa'a. In ka ga "quondam" a gaban suna, mutumin ya riga ya mutu lokacin da aka yi takardar, kuma wannan kaɗai na iya ba ka iyakar shekarar mutuwarsa.

Takardun da suka fi daraja a wajenka su ne na jajibirin tafiya. Tafiya Ƙudus tana cin dukiya mai yawa, don haka barde yakan jinginar da ƙasa ko ya sayar, ya kuma sasanta tsofaffin rigingimunsa da 'yan zuhudu kafin ya kama hanya. Irin wannan takarda takan faɗi a fili cewa zai tafi Ƙudus, kuma takan tara dangi fiye da kowace, tunda ba a san ko zai dawo ba. Jonathan Riley-Smith a kan irin waɗannan ya gina littafinsa na 1997 game da mutanen yaƙin Salibi na farko.

Kowace takarda ta samu katinta. A kan katin: sunan kundi, lambar takarda da shafi, shekara, sannan ka kwafi kalmomin dangantaka da Latin ɗinsu yadda suke. Fassararka ta zo a ƙasa, daban. Wata shida nan gaba ba za ka tuna ko "jika" da ka rubuta daga takardar yake ko daga kanka ba.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: "nepos" na nufin jika, yana kuma nufin ɗan ɗan'uwa ko ɗan 'yar'uwa. "Avunculus" asalinsa kawu ne, amma magatakarda sukan yi amfani da shi har ga baffa, ko da yake baffa yana da tasa kalmar, "patruus". "Frater" na iya zama ɗan'uwa na uwa ɗaya uba ɗaya, ko ɗan uba, ko kuma ɗan zuhudu kawai. "Consanguineus" bai wuce "danginmu ne" ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai isa ya goge alamar tambaya shi kaɗai ba. "Filius" da "filia" ne kawai suke yanke magana.

6. Raba masu suna ɗaya

Gidan Lusignan sun yi wa ɗan fari suna Hugues tsara bayan tsara, har aka ƙirga goma sha uku. Lambobin nan ba su suka sa wa kansu ba, marubutan baya ne suka liƙa musu. A takarda "Hugo" kawai za ka gani, wani lokaci da laƙabin Brunus, wanda shi ma mutum fiye da ɗaya ya ɗauka.

Hanyar raba su ita ce ta matansu. Hugo mijin Almodis shi ne na 5, wanda ya mutu a 1060. Mijin Sarrasine shi ne na 7, wanda ya bi sarki Louis na 7 yaƙi na biyu a 1147. Mijin Bourgogne 'yar gidan Rancon shi ne na 8, uban Guy. Saboda haka a katunanka kada ka rubuta lamba ita kaɗai. Rubuta "Hugues mijin Bourgogne".

Ga dalilin. Hugues na 8 ya tafi Sham, Nuruddin ya kama shi a yaƙin Harim a 1164, bai kuma dawo ba. Babban ɗansa, shi ma Hugues, ya mutu a 1169. Wasu masu bincike ba sa ba wannan ɗa lamba, wasu suna kiransa na 9. Daga nan lissafi ya rabu biyu: wanda ya mutu a Dimyaɗ ta Masar a 1219 na 9 ne a wani littafi, na 10 a wani. In ka haɗa littattafai biyu ba ka lura ba, za ka haifi mutumin da bai taɓa rayuwa ba, ko ka binne wanda ya rayu. Tsofaffin littattafai ma sun ɗauki na 1219 ɗin a matsayin ɗan Hugues na 8, wato wan Guy, alhali jikansa ne, Guy baffansa ne.

Wani rikicin a nan kusa yake. Isabelle ta Angoulême an yi mata baiko da Hugues wanda ya mutu a 1219, sai sarki John na Ingila ya aure ta a 1200. Bayan John ya mutu ta koma Faransa ta auri ɗan wancan Hugues ɗin a 1220. Uba aka yi wa baiko, ɗa ya aura. Littattafai da yawa sun mayar da su mutum ɗaya domin labarin ya fi daɗi a haka.

Gwaji mai sauƙi: duk mutumin da ka ga yana sa hannu a takardu fiye da shekara 60, ka yi zargin mutum biyu ne. Duk matar da lissafinka ya nuna ta haihu tana ƙasa da 13 ko sama da 50, akwai tsara ɗaya da ta ɓace ko ta ƙaru.

7. Bi mata, kada ka bar su a gefe

Masu farawa sukan bi maza zalla. Amma tambayar me ya kai wannan gida gabas, amsarta sau da yawa tana ɗakin uwa.

Dubi Almodis ta La Marche. An raba aurenta da Hugues na 5 bisa hujjar kusancin jini, ta auri Pons mai Toulouse, daga baya ta auri mai Barcelona. Ɗanta na gidan farko shi ne Hugues na 6, wanda ake wa laƙabi da Shaiɗan. Ɗanta na gidan biyu shi ne Raymond na Saint-Gilles, ɗaya daga manyan jagororin yaƙin farko, wanda zuriyarsa ta mulki Tarabulus ta Sham. Uwarsu ɗaya. In ba ka rubuta aurarrakin Almodis duka uku ba, zuwan Hugues na 6 gabas a 1101 zai zama maka kamar abin da ya faɗo daga sama.

Ga kowace mace, ka nemi abu uku: gidan ubanta, ƙasar da ta shigo da ita, da sauran mazajenta. Ƙasar tana da amfani musamman, domin in ka ga wani gari ya shigo hannun gidan ba da yaƙi ba, nemi amarya.

Dokar coci ma tana taimako. Kafin 1215 an hana aure har zuwa daraja ta bakwai ta dangantaka, babban taron Lateran na wannan shekara ya rage zuwa huɗu. Manya sukan nemi izinin fafaroma su auri dangi, kuma wasiƙar izinin takan faɗi darajar kusancin. Rajistar wasiƙun fafaromomi tana nan a jere tun daga 1198. In zanenka ya ce ma'auratan ba su haɗa kaka ba amma wasiƙa ta ce sun haɗa a daraja ta uku, zanenka ne yake da rami.

8. Tsallaka teku

Da zarar mutum ya bar Faransa, kundayen Poitou sukan yi shiru a kansa. Sai ka koma ga takardun gabas. Ka fara da Regesta Regni Hierosolymitani na Reinhold Röhricht, 1893, wanda ya taƙaita takardun masarautar Ƙudus bisa jerin shekaru, akwai kuma sabon gyararren sa a intanet kyauta. Sai kundin takardun mayaƙan Asibiti, wata ƙungiyar baraden coci a Ƙudus, na Delaville Le Roulx, mujalladi huɗu. Sai tarihin Guillaume na Sur, wanda ya tsaya a 1184. Ka san cewa shi Guillaume ba ya ƙaunar Guy, don haka ka karɓi nasaba daga wajensa, ka auna hukuncinsa a kan halin mutum.

Akwai kuma littafin nasaba da su Faranjawan gabas suka rubuta wa kansu wajen 1270, Lignages d'Outremer. Yana da kyau ƙwarai a kan mutanen da suka yi kusa da zamanin marubutansa. A kan kakannin farko kuwa yana yi wa manya kwalliya: ya ce gidan Ibelin, wani babban gidan Faranjawan gabas, daga masu sarautar Chartres suka fito, masana tarihi ba su yarda ba.

A nan za ka tarar da 'ya'yan Hugues na 8 su uku: Geoffroy, Aimery da Guy. Gargaɗi: tsofaffin littattafai suna kiran Aimery da Amaury na 2. Sunaye biyu ne daban, kuma kuskuren ya sa wasu suna ɗauka ɗan tsohon sarki Amaury ne. Guy bai bar magaji ba, domin Sibylle da 'ya'yansu mata biyu sun mutu a sansanin Akka a 1190. Duk wanda ya ce shi jikan Guy ne ta halastacciyar hanya, magana ta ƙare. Sarakunan Kubrus daga Aimery suka fito, ta matarsa ta farko Échive 'yar gidan Ibelin.

Mai Larabci, ga ranarka. Ibnul Asir, Imaduddin al-Isfahani da Baha'uddin Ibn Shaddad sukan faɗi wanda aka kama, ranar da aka kama shi, da lokacin da aka sake shi, abin da takardun Latin kan yi shiru a kai. Sai dai ka koyi yadda suke juya sunaye: Sanjil shi ne Saint-Gilles, Arnaɗ shi ne Renaud na Châtillon. Kuma kada ka ɗauki dangantaka daga wajensu ba tare da ka gwada ba. A labarin Hattin sunan Jufri, wato Geoffroy, ya shigo cikin waɗanda aka kama, alhali ɗan'uwan sarki da aka kama ranar Aimery ne. Geoffroy bai iso Sham ba sai bayan yaƙin.

9. Daidaita shekaru

Ba ko'ina ne shekara take farawa ranar 1 ga Janairu ba. Wasu wurare daga Kirsimeti suke ƙirgawa, wasu daga 25 ga Maris, fadar sarkin Faransa kuma daga Ista, har sai da dokar 1564 ta tsayar da Janairu. Takardar da ta ce Fabrairu 1218 tana iya zama Fabrairu 1219 a lissafinmu. Masu buga kundaye sukan sa "n. st.", wato sabon lissafi, in sun riga sun gyara. Duba kafin ka ƙara shekara, kada ka gyara abin da aka gyara. Duk takardar da ta faɗo tsakanin Janairu da Afrilu, ka ja mata layi.

Ta ɓangaren Larabci, ka mayar da Hijiriyya da wata da rana, ba shekara kaɗai ba, tunda shekarar Hijira ɗaya tana ratsa biyu na Miladiyya. Hattin a Rabi'us Sani 583 aka yi, daidai da 4 ga Yuli 1187.

In madogara biyu sun saɓa, rubuta duka biyun. Hugues na 6 yana cikin yaƙin Ramla na 1102. Wasu littattafai sun kashe shi a can, wasu sun kai mutuwarsa 1110 a gida. Abin da zai raba gardama shi ne ko akwai takardar Poitou bayan 1102 da ta nuna shi da rai, kuma ko Hugo na cikinta shi ne ko ɗansa. Ka ga mun koma mataki na 6.

10. Tace jabu

A zamanin sarki Louis-Philippe na Faransa, a ƙarni na 19, aka shirya ɗakunan Salibiyya a fadar Versailles, aka ce duk gidan da ya kawo shaidar kakansa ya je yaƙin za a zana tambarinsa a bango. Nan da nan kasuwa ta buɗe. Wani mai suna Courtois da abokan aikinsa suka riƙa sayar da takardun bashi na ƙarya, wai barde kaza ya ranci kuɗi hannun 'yan kasuwar Italiya a Akka ko Dimyaɗ. Gidaje da dama suka saya, takardun kuma suka shiga littattafan nasaba na ƙarni na 19. Robert-Henri Bautier ya tona asirin tarin a 1956. Saboda haka in shaidar zuwan wani barde yaƙi ita ce takardar bashin ɗan Genoa kaɗai, kuma ba a san ta ba kafin 1840, ajiye ta gefe.

Tambarin garkuwa ma ka yi hattara da shi. Bai fara zama abin gado ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 12, don haka tambarin da aka zana wa mutanen 1096 ƙirƙirar baya ce. Daga ƙarni na 13 yana da amfani in daga hatimi ya fito: Lusignan ratsi-ratsin fari da shuɗi ne a kwance, reshen Kubrus ya ɗora jan zaki a kai, reshen Ingila, da za mu gani a mataki na 11, ya zagaye shi da jajayen tsuntsaye. Wannan mai goyon bayan takarda ne, ba ya maye gurbinta.

Sai Mélusine, aljanar da ake cewa ita ta haifi gidan ta kuma gina ganuwarsa. Jean d'Arras ne ya tsara labarin wajen 1393. Akwai bishiyoyin intanet da suka sa ta a matsayin kaka, har da shekarar haihuwa.

11. Zana, ka san inda za ka tsaya

Yanzu ɗauko babbar takarda. Layi mai kauri ga dangantakar da takardar zamanin ta faɗa ƙarara. Layi mai ɗigo-ɗigo ga wadda ka fahimta daga gado ko suna ko tambari. Inda babu komai, bar fili. Kowane layi mai kauri ya ɗauki lambar katin da ya tsaya a kai.

Wajen zanen za ka ga suna da jini sun raba hanya sau biyu. A Kubrus, zuriyar Aimery ta maza ta ƙare da mutuwar sarkin Kubrus Hugues na 2 a 1267. Wanda ya gaje shi, Hugues na 3, ɗan wata Isabelle ne 'yar Lusignan, ubansa kuwa Henri na gidan Antakiya, amma ya ɗauki sunan gidan uwarsa. Duk sarakunan Lusignan na Kubrus daga nan har tsibirin ya koma hannun Venis a 1489, ta wajen uba jinin Raymond na Poitiers ne, kakan gidan Antakiyan nan. A ɗaya gefen, ɗan Hugues da Isabelle ta Angoulême da ya koma Ingila a 1247 ana kiransa Guillaume na Valence, sunan wurin da aka haife shi. Lusignan ne tsantsa amma ba za ka same shi a fihirisa ƙarƙashin L ba. Ka ba kowane irin wannan launi daban a zanenka.

A Faransa, babban reshe ya ci gaba da zubar da maza a hanyar gabas: mijin Isabelle ta Angoulême ya mutu a yaƙin Masar a 1249, ɗansa a 1250, jikansa a tafiyar Tunis ta 1270. Hugues na ƙarshe ya mutu a 1303 ba ɗa, ƙaninsa Guy ya bi shi a 1308, sarki Philippe na 4 ya haɗiye ƙasar.

Daga nan in wani ya nemi ka sadar da wannan gida da wani mai rai a yau, ka sanar da shi tazarar da ke tsakani. Dokar da ta wajabta rajistar baftisma a cocin Faransa ta 1539 ce, fiye da shekara 200 bayan ƙarewar babban reshe. Cike wannan tazara sai da takardun aure da na rabon gado da na mubaya'ar ƙasa, tsara bayan tsara, kuma yawancinsu ba a buga su ba, suna ma'ajiyar takardun jihohi irin ta Vienne da ke Poitiers ko ta ƙasa da ke Paris. Wannan ne matakin da za ka rubuta wa ma'ajiyar wasiƙa, ka ba su lambar takardar daidai, ka tambayi kuɗin hoto kafin ka yi oda.